Idan ɗan mai wa'azi ya bijire: me ya ƙi, kuma wa ya biya kuɗin?

Duk ranar da aka ga ɗan wani malami ko ɗan wani fasto cikin abin da bai dace ba, kafin la'asar hoton ya gama zagaye wayoyin jama'a. Masu jin haushin uban sun samu abin da suke nema: "Ga shi nan, ya kasa gyara gidansa, wai mu zai gyara." Masoyan uban kuma su fito da kariya, su ce ai albasa ce ba ta yi halin ruwa ba, shiriya ta Allah ce. Bayan shekara biyu a ga yaron ya tsayar da gemu yana zaune gefen uban yana ja masa baƙi a wurin tafsiri, sai kowa ya ce alhamdu lillahi, ya dawo hanya. Shi ke nan an rufe magana.

Wato ma'auninmu guda ɗaya ne tak: ya tafi ne ko ya dawo? Ni a ganina wannan ma'aunin ya yi gajarta. Akwai wanda ya dawo ya yi ɓarnar da ta fi ta lokacin da yake yawo. Akwai wanda tafiyar tasa ce ta ceci mutane. Kuma akwai wanda bai taɓa bijire wa ubansa ba ko na kwana ɗaya, amma da ya bijire da an huta.

Rubutun yana da tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare. Kuma da gangan zan ɗauko manyan misalan daga Amurka. Na farko, su can komai a rubuce yake, har su 'ya'yan da kansu sun ba da labarin rayuwarsu. Na biyu, na san halinmu: idan na fara da gidan wani malami na nan kusa, kafin a kai layi na biyar an bar maganar an koma faɗan ƙungiya.

Mutum uku ne. Biyu Kiristoci da aka haifa a shekara ɗaya, 1952. Na ukun Musulmi.

Na farko Franklin Graham. Ubansa Billy Graham shi ne mai wa'azin Kirista da ya fi kowa suna a ƙarnin da ya wuce. Ƙungiyarsa ta ƙiyasta cewa ya yi wa mutum sama da miliyan 200 wa'azi kai tsaye. Har nan ƙasar ya zo a 1960, ya yi taro a Legas da Ibadan da Inugu, ya hau Kaduna da Jos. To ɗan wannan mutumin sai ya tashi da shan sigari da giya da tseren babur. An kai shi wata kwalejin Kirista a jihar Texas, suka kore shi saboda ya fita da wata ɗaliba bai dawo da ita kan lokaci ba. Shi da kansa ya ba da wannan labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 1995. A 1974, yana ɗan shekara 22, uban ya fito masa a fili cewa lokaci ya yi da zai zaɓi hanya ɗaya. Ba da daɗewa ba, a wani ɗakin otal a birnin Ƙudus, ya tuba ya koma ga addinin gidansu. A 1979 ya zama shugaban ƙungiyar agaji ta Samaritan's Purse, daga baya kuma ya gaji uban a shugabancin ƙungiyar wa'azinsa.

Idan da ma'auninmu za a auna, magana ta ƙare ke nan: ɓataccen ɗa ya dawo gida. Kuma a yi masa adalci, aikin agajin nan ba na hoto ba ne. Ƙungiyarsa ta riƙe asibiti a kudancin Sudan lokacin yaƙi. Da Ebola ta ɓarke a Laberiya a 2014, ma'aikatansa suna cikin waɗanda suka tsaya, har likitansu Kent Brantly ya kamu da cutar, da ƙyar ya sha. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai yi gaskiya ba.

Amma a duba abin da ya yi da sunan da ya gada. Uban, duk da kusancinsa da shugabannin Amurka, ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun siyasa. A 2002 aka saki faifan wata hira da ya yi da Shugaba Nixon a 1972, aka ji shi yana munanan maganganu a kan Yahudawa, dole ya fito ya ba da haƙuri. A 2011, yana tsoho tukuf, ya ce da zai sake rayuwa da ya nisanci siyasa. Ɗan kuwa sai ya ɗauki sunan nan ya shige da shi tsakiyar ramin da uban yake nadamar leƙawa. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ya siffanta Musulunci kacokan da mugun addini. Saboda irin waɗannan kalamai ne ma'aikatar tsaron Amurka ta janye gayyatar da ta yi masa zuwa taron addu'a a 2010. A Yulin 2015 ya yi kira da a hana Musulmi ƙaura zuwa Amurka, watanni kafin Donald Trump ya ɗauki maganar ya mai da ita ta kamfe. Ya tsaya a mumbarin rantsar da Trump a 2017, ya sake tsayawa a 2025.

Abin lura a nan shi ne, Franklin bai taɓa yin jayayya da ubansa a kan wata gaskiya ba. Tawayensa na ƙuruciya ne, na kwalba da babur, irin wanda ba ya cin mutum komai idan gidansu da rufin asiri. Ƙofa a buɗe take kullum, kujera tana jiransa. Inda ya saɓa wa uban da gaske sai bayan da ya dawo, kuma a kan abin da uban ya fi shi gaskiya ne, wato kame baki da nisantar 'yan siyasa. Wannan saɓawar ba wanda ya kira ta bijirewa, don da kwat da Littafi Mai Tsarki a hannu aka yi ta.

Na biyu Frank Schaeffer. Shi nasa labarin juyin na Franklin ne. Ubansa Francis Schaeffer malamin tauhidin Kirista ne Ba'amurke da ya kafa wata cibiya a kan duwatsun Suwizalan a 1955, mai suna L'Abri, wato mafaka da Faransanci. Matasa masu shakka a kan addini suna zuwa daga ko'ina, su ci su kwana, su yi ta tambayoyi yana amsa musu. A cikin gidan nan Frank ya tashi, kuma tun yana saurayi ya zama na hannun daman uban. Shi ya shirya masa finafinan wa'azi guda biyu da suka fito a 1977 da 1979. A cewarsa, shi ne ma ya matsa wa uban lamba a sa maganar zubar da ciki a ciki. Finafinan nan suna cikin abubuwan da suka tunkuɗa Kiristoci masu ra'ayin riƙau na Amurka cikin siyasa gadan-gadan, a daidai shekarun da suka mara wa Ronald Reagan baya ya ci zaɓen 1980. Frank ya yi suna, ya yi kuɗi, manyan majami'u suna rububin gayyatarsa.

Uban ya rasu a 1984. Daga nan ɗan ya fara ja da baya, ya bar tafiyar gaba ɗaya, ya koma cocin Orthodox. A 2007 ya fitar da littafin da ya sa wa suna Crazy for God, ya zazzage komai: yadda ya ga manyan masu wa'azi suna mai da addini jari, yadda shi da kansa ya riƙa hura wutar fushi a zukatan mabiya don fushi ne ke kawo kuɗi da ƙuri'a. A 2008 ya goyi bayan Obama. Da wani mai tsattsauran ra'ayi ya harbe likita George Tiller a cikin coci a jihar Kansas a Mayun 2009, saboda likitan yana zubar da ciki, Frank ya rubuta cewa shi ma yana da kaso a jinin, tunda yana cikin waɗanda suka shuka kalaman da suka haifi irin wannan kisa.

A nan ba maganar halaccin zubar da ciki nake yi ba, kowa ya san matsayin addinanmu. Abin da nake nunawa shi ne mutum ya tsaya ya ce kalamaina sun taimaka wajen kashe rai. Masu wa'azi nawa muka sani, a kowane ɓangare, da aka yi rikici bayan huɗubarsu suka fito suka faɗi haka? Ni dai ina girmama wannan.

Sai dai akwai inda na rabu da shi. Frank bai tsaya kan tafiyar siyasar ba, ya shiga ɗakin iyayensa. Ya rubuta cewa uban yana fama da baƙin ciki da zafin rai, har yana dukan uwar. Ya baje sirrin auren iyayensa a kasuwa. Lokacin uban ya shekara 23 a kabari, ba bakin kare kansa. Uwar kuma, Edith, tana raye, tsohuwa ce da ta haura 90, sai 2013 ta rasu. Os Guinness, marubucin da ya zauna tare da su a gidan, ya yi masa raddi mai zafi, yana ganin abin cin amanar iyaye ne. Wani zai ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɓoye dukan mata a gidajen manya shi ke sa abin ya ci gaba. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma tambayata ita ce: wa tonon ya ceta? Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Da sunan Schaeffer ya ci abinci lokacin da yake ciki, da sunan Schaeffer ɗin dai yake sayar da littafi bayan ya fita. Ya bar gidan, bai bar cin gadon ba.

Yanzu ga na ukun, wanda saboda shi na zauna yin wannan rubutu: Wallace Muhammad, wanda duniya ta fi sani da Imam Warith Deen Mohammed.

Ubansa Elijah Muhammad shi ne jagoran ƙungiyar Nation of Islam ta baƙaƙen fatar Amurka. Shi ma Elijah ɗan mai wa'azin Baptist ne daga jihar Georgia, kun ga abin ya yi jiki. Mutumin ya yi aiki, ba a ƙwace masa wannan. Ya tsamo dubban baƙaƙe daga ƙwaya da giya da gidan yari, ya koya musu tsafta da sana'a da riƙe iyali, a lokacin da ƙasarsu take ɗaukarsu ba a bakin komai ba. A hannunsa Malcolm X da ɗan dambe Muhammad Ali suka shigo. Amma aƙidar da yake koyarwa, duk ɗan Islamiyya na aji biyu zai gaya maka ba Musulunci ba ce. Yana cewa wani mutum mai suna Fard Muhammad, da ya bayyana a Detroit a 1930, Allah ne a siffar ɗan Adam, shi kuma Elijah manzonsa ne. Yana cewa farar fata shaiɗanu ne da wani masani mai suna Yakub ya ƙirƙira. Azumi ma a watan Disamba suke yi.

An haifi Wallace a 1933, sunan Fard ɗin ma aka sa masa, kuma tun yana yaro ake kallonsa a matsayin magaji. Ya koyi Larabci a makarantar ƙungiyar. A 1961 aka ɗaure shi saboda ya ƙi shiga aikin soja, kuma a kurkukun ne ya samu lokaci ya zauna da Alƙur'ani. Ya fito da yaƙinin cewa abin da ubansa yake koyarwa ya ci karo da Littafin da ke hannunsu. Ku tsaya ku auna nauyin wannan. Ba wani malamin unguwa ba ne zai ce wa ya yi kuskure. Ubansa ne, wanda dubban mutane suke rantsuwa cewa manzo ne, wanda yake da dakarun ƙungiya masu horo da ba sa wasa da mai sukar shugaba. Ga dukiya, ga gidaje, ga kujera tana jiransa. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya yi shiru.

Bai yi shirun ba. Aka kore shi daga ƙungiyar, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Korar nan kuwa tana nufin danginsa su yanke hulɗa da shi. Ɗan shugaba guda ya koma yin walda da ƙananan ayyukan hannu don ya ci abinci. Shi ne kuma wanda Malcolm X ya tunkara lokacin da ya ji raɗe-raɗin cewa Elijah ya haifi 'ya'ya da sakatarorinsa, bai yi masa ƙarya don kare uban ba.

Ba zan ɓoye inda ake sukarsa ba. 'Yan kwanaki bayan an harbe Malcolm X a Fabrairun 1965, Wallace ya bayyana a babban taron ƙungiyar ya nemi afuwar ubansa a gaban jama'a. Ya sake saɓawa, aka sake korarsa, ya sake komawa. Akwai masu cewa tsoro ne, akwai masu cewa ya sayar da abokinsa don ya tsira da ransa da gadonsa. Duk mai son kare shi dole ya haɗiye wannan: ya yi lanƙwasa a lokacin da wani ya tsaya aka kashe shi. Abin da zai raba mana gardama shi ne mu ga me ya yi ranar da abin ya zo hannunsa.

Elijah ya rasu ranar 25 ga Fabrairun 1975, washegari aka naɗa Wallace. Da mulkin yake so, ai ga shi ya samu, sai ya ci gaba da inda uban ya tsaya, ba mai ce masa uffan. Maimakon haka ya fara warware ginin da hannunsa. Ya daina koyar da allantakar Fard da manzancin ubansa. Ya buɗe ƙofa ga farar fata. Ya rushe rundunar dakarun ƙungiyar, wadda ita ce garkuwar duk wanda ke kan kujerar. Wuraren ibadarsu suka koma masallatai, shugabanninsu suka koma limamai, aka koya wa mutane salloli biyar, azumi ya koma Ramadan. Muhammad Ali yana cikin waɗanda suka bi shi. Ba kowa ya ji daɗi ba: Louis Farrakhan ya ɓalle ya farfaɗo da tsohuwar aƙidar da tsohon sunan. A 1985 Warith ya rusa ma shugabancin tsakiya gaba ɗaya, ya ce kowane masallaci ya tsaya da ƙafarsa ya haɗu da sauran Musulmin duniya. A 1992 ya zama Musulmi na farko da ya buɗe zaman majalisar dattawan Amurka da addu'a. Ya rasu a 2008.

Kuma ga abin da ya fi burge ni. Duk wannan rusau da ya yi, bai mai da zagin ubansa sana'a ba. Ya ce aƙidar kuskure ce, ya faɗa ƙarara, amma ya riƙa tuna wa mutane irin halin da uban ya tarar da baƙaƙen fata da irin ɗagawar da ya yi musu. Makarantun ƙungiyar ma sai ya sa musu sunan mahaifiyarsa, Clara Muhammad. Ya raba uban da kuskuren uban, ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya.

To ku jera su ukun. Franklin ya bijire wa tarbiyyar uba, ya dawo ya gaji kujera, ya ƙara mata zafin da uban bai sa mata ba, kuma waɗanda suka biya kuɗin kalamansa su ne Musulmin da ke zaune a Amurka suna neman abincinsu. Frank ya bijire wa tafiyar da shi ya taya ginawa, ya faɗi gaskiya mai ɗaci, amma wani kaso na kuɗin tsohuwarsa ce ta biya da mutuncinta. Warith ya bijire wa kuskuren uba, kuma daga aljihunsa ya biya, da farko da kora da talauci, daga baya da ikon da ya sauke da kansa.

Wannan rabe-raben ba baƙo ba ne a wurinmu, mun dai manta ne. A Alƙur'ani akwai ɗan Annabi Nuhu da ya ƙi shiga jirgi, akwai kuma Annabi Ibrahim da ya ƙi bin Azara wajen bautar gumaka. Dukansu sun ƙi bin maganar uba. Ɗaya ya halaka, ɗaya ya zama Badaɗayin Allah. Da biyayya ga uba ce kaɗai ma'auni, da hukuncinsu ɗaya ne. Kuma malamai suna yawan jan hankali ga irin taushin harshen da Annabi Ibrahim ya yi wa uban nasa magana da shi, duk da girman abin da suka saɓa a kai.

Mu dawo gida kaɗan. A Abeokuta an yi wani limamin cocin Anglican, Rabaran Israel Ransome-Kuti, shugaban makaranta mai tsananin horo, kuma shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya. 'Ya'yansa maza uku kowa ya san su. Fela ya yi watsi da cocin, ya yar da sunan Ransome, ya tunkari sojoji da waƙa har suka ƙona gidansa a 1977 suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Jarumtarsa ba a musunta. Amma mutumin nan ya auri mata 27 rana ɗaya, kuma ya riƙa yi wa maganar cutar ƙanjamau riƙon wasa. Beko likita ne, ya yi nasa tawayen ta hanyar fafutukar dimokuraɗiyya, Abacha ya ɗaure shi a 1995. Olikoye kuwa ya shiga cikin gwamnati, ya yi ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage kan kiwon lafiya a matakin farko. Da Fela ya rasu a Agustan 1997, Olikoye ne ya fito ya gaya wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa, a lokacin da ko sunan cutar ba a son kamawa a gidan mutunci. Shi ma tonon asirin gida ne fa. Bambancinsa da na Frank shi ne, wannan an yi shi ne don matasan da suke ganin cutar ƙarya ce su farka, kuma ba littafi ya sayar da shi ba.

Sai misalin da ya fi ciwo. Bayan an kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, wanda aka sani da Abu Mus'ab Albarnawi, da rahotanni suka tabbatar ɗansa ne, ya taso cikin tafiyar. A Agustan 2016 ƙungiyar IS ta naɗa shi shugaban reshenta na Yammacin Afirka. Rigimarsa da Shekau ce, yana zarginsa da wuce gona da iri wajen kashe Musulmi. Hanyar uban kuwa bai taɓa tuhumarta ba. Ɓangaren nasa ne ya sace 'yan matan Dapchi a 2018, shi ne kuma ya kashe ma'aikatan jinya mata biyu da aka sace a Rann. Ga ɗa mai biyayya, ya gaji ubansa sak. Da Allah Ya ba shi rabin zuciyar Warith, ya buɗe littattafan da ke gabansa ya ce Baba ya yi kuskure, rayuka nawa za a tsirar a yankin Tafkin Chadi? Muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Gaskiya ne, amma sai an tambaya: ya gaje shi a me?

Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin mutanen nan uku, don kowace ma'aikata tana da su. Akwai wanda yana ƙaramin ma'aikaci kullum cikin ƙorafi da zuwa a makare, ranar da ya zama darakta sai ya fi wanda ya gada tsanani da son kai. Akwai wanda ya ci moriyar tsarin shekara 30, sai da ya yi ritaya fansho ya fara shiga sannan ya tuna akwai ɓarna, ya shiga gidajen rediyo yana fallasa. Maganarsa gaskiya ce, a saurare shi, amma ba abin da ta ci masa. Sannan akwai wanda ya ƙi sa hannu a fayil ɗin da ya san ƙarya ne tun yana tsakiyar aiki, aka ba shi takardar tuhuma, aka tura shi wani lungu, ƙarin girmansa ya makale, ya daure bai ajiye aikin ba, har ranar da kujerar ta zo hannunsa ya toshe ƙofar da shi ma zai iya ci ta cikinta. Na ukun nan ba su da yawa, kuma ba kasafai ake shirya musu walimar bankwana ba.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, muna cikin zamanin da manyan malamai da manyan fastocin da suka tara jama'a a shekarun 1980 da 1990 suke tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Masallatai da majami'u da makarantu da gidajen talabijin da miliyoyin mabiya suna komawa hannun 'ya'ya. Ba laifi ba ne ɗa ya gaji uba idan ya cancanta, gidajen ilimi da yawa a ƙasar Hausa haka suka ɗore. Amma idan abin da kawai muke tambaya shi ne ko yaron ya daina yawo ya fara naɗa rawani, to za mu miƙa mumbari ga duk wanda ya iya kwaikwayon muryar babansa. Ni abin da nake so in sani game da magaji shi ne: akwai wani abu guda da ya taɓa ce wa uban, cikin ladabi, Baba wannan ba daidai ba ne? Da 'yan siyasa suka zo da jaka, ya fi uban kamewa ko ya fi shi saurin miƙa hannu? Harshensa a kan waɗanda ba sa bin tafiyarsu ya fi na uban sanyi ko ya fi zafi?

Iyaye masu wa'azi kuma, da mu sauran iyaye, akwai namu. Yaron da yake yi maka tambayar da ta hana ka barci ba lallai ne shi ne ɓataccen ba. Elijah Muhammad ya kori ɗan da ya fi kowa yi masa gardama, kuma ɗan nan ne ya kai jama'arsa ga alƙibla. Sau da yawa mun fi jin tsoron mai tambaya a kan mai shan sigari a ɓoye, don mai sigarin ba ya taɓa kujerarmu.

Masu yaɗa hotunan 'ya'yan malamai don a ci mutuncin iyayensu, ku ji tsoron Allah, ku ma haihuwa kuke yi. Masu tafi duk ranar da aka ce ɗan wane ya dawo, ku ɗan jinkirta tafin har ku ga da me ya dawo.

Na san wasu za su ce na yi wa Franklin tsauri don ni Musulmi ne, na yi wa Warith sassauci don ya ƙare a inda nake. Abokaina Kiristoci da ke nan, ku auna da kanku, ku gaya mini idan na yi son kai. Ma'aunin da na ɗora su a kai shi na ɗora ɗan Muhammad Yusuf, kuma shi ya fi kowa faɗuwa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su zuciyar da za su gyara mu idan mun karkace, Ya ba mu kunnen da za mu saurare su.